Yadda Na Zama Kakan Kaina

Na rubuta manhajar gano dangantaka: ka ba ta sunaye da ƙa'idoji, ta faɗa maka wane ne kawun wane. Abokin aikina Bulus ya ce in fara gwada ta da manhajar bin diddigin kuskure. Na ce, "Haba Bulus, kamar ni?"

A taron dangi a unguwar Magajiya na danna sunana ina ƙasaita. Kwamfuta ta ce ni ne kakan kaina. Goggo ta rafka salati.

Nan take na kunna abin da na raina, ya nuna min sunan kakana aka sa min, shi ya sa manhajata ta ɗauke mu mutum ɗaya. Na gyara, aka tafa har da guɗa.

Amma har yau Goggo durƙusa min take yi: "Baba, an tashi lafiya?"