Nafi'u Ya Je Gaida Baffan Ramlatu

Abokina Nafi'u malamin Turanci ne a wata sakandare a Funtua, kuma irin mutanen nan ne da ko "ina kwana" ka ce musu sai sun duba ko akwai gyara. Shekaru sun fara ja, iyaye sun gaji da magana, sai Allah ya haɗa shi da Ramlatu. Aka ce ya je ya gaida baffanta, Alhaji Tanimu, domin shi ne mai ba da aurenta. Ni na raka shi, kuma har yau ina da-na-sani. Mun shiga zaure na tuɓe takalmi na durƙusa, shi kuwa gogan naka ya taka tabarma da sau-ciki, ya miƙa wa dattijo hannu daga tsaye, sannan ya haye kujera ɗaya tilo da ke wurin ya harɗe ƙafa.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya fara magana a hankali kan yadda ladabi ya yi ƙaranci a wurin samarin yanzu. Ko makaho ya san da wa ake. Na zunguri Nafi'u, amma ina, shi ya ɗauka fili aka ba shi. Bai bari Alhaji ya kai aya ba ya katse shi, ya ce ai matsalar Hausawa ke nan, komai sai su ce rashin kunya, alhali Bature ya rarrabe abin dalla-dalla. Wai wanda bai iya gaisuwa da lafazi mai daɗi ba "impolite" ne, mai gatsali ido da ido "rude" ne, mai raina na gaba da shi kuwa "insolent" ake ce masa. Yana yi yana nuna dattijon da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Ni dai kunya ta gama kashe ni.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ikon Allah. To malam, idan mutum ɗaya ya haɗa dukansu fa?"

Nafi'u ya ce, "Gaskiya, Baba, wannan ko Bature bai sa masa suna ba. Ku a Hausa me kuke ce masa?"

Alhaji ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce, "Tuzuru."