Yadda Za Ka Rufe Wa Surukinka Baki da Kwamfutarsa

Kai da kake zaune a gidan surukinka, kana kwana a wurin aiki, ka dawo ka kwanta tsoho ya ɗauki makirfo: kwantar da hankalinka. Dabarar nan ba ta taɓa ƙin aiki ba. Ni na koya wa maƙwabcina Nulfo a nan Bacolod ta ƙasar Filifin, kuma kwamfutar ta mutu daidai lokacin da aka sa mata.

1. Fara da yabo

Kada ka nuna waƙar ta dame ka, gidan ba naka ba ne. Surukin Nulfo, Tatay Densio (Tatay shi ne "baba" a yaren nan), tsohon direban motar rake ne. Tun rasuwar matarsa Miling, da an ci shinkafar rana sai ya jona kwamfuta da lasifika ya hau karaoke, na'ura na kiɗa yana rera waƙa, har kajin unguwa su tsere.

Nulfo ya ce, "Tatay, muryarka ta fi ƙarfin na'urar nan. Kawo in gyara maka ita."

Tsoho ya ce, "Sai yau ka yi maganar masu hankali."

2. Saka manhajar

Nemi manhajar da ke kashe kwamfuta da kanta. Duk abin da ta tambaye ka, danna "na yarda". Babu wanda ya taɓa karanta sharuɗɗan nan, har wanda ya rubuta su.

3. Sa ta tashi tare da kwamfutar

Shiga saiti ka ce ta riƙa farawa da zarar an kunna. Ɓoye alamarta, ka canza mata suna zuwa "Gyaran Murya". Mawaƙi ba ya goge abu mai wannan suna.

4. Zaɓi lokaci, ka bar akwatin saƙo wayam

Ƙarfe biyu ya yi. Bar shi ya ɗan rera, mugunta ma tana son tsari. Za ka ga wani akwati na rubuta gargaɗin da zai fito kafin ta mutu. Kada ka taɓa shi. Nulfo ya taɓa. Da barci a idonsa ya rubuta: "Ya isa haka, Densio."

5. Kwanta ka ja minshari

Tsoho yana tsakiyar jan wata doguwar murya rubutun ya bayyana, allo ya yi baƙi. Gida ya yi tsit. Nulfo yana murmushi a kan filo ya ji an kurma ihu.

"Wening! Zo! Uwarki ce!"

Wening matar Nulfo ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta tarar da ubanta a durƙushe yana kuka.

"Haka take ce mini kullum. Ko kalma ɗaya ba ta canza ba!"

Kafin yamma maƙwabta sun cika falo. An kunna kyandir a kan kwamfutar, an ajiye mata hoton marigayiya da farantin busasshen kifi.

6. Kada ka zaci za a bi umarni

Washegari saƙon ya sake fitowa, kwamfuta ta mutu. Tatay ya share hawaye, ya gyara tsayuwa, ya ci gaba da waƙa ba kiɗa.

Wening ta ce, "Tatay, ba ka ji abin da ta ce ba?"

"Na ji. Tana da rai ma ban taɓa bari ba, sai yanzu? Ai za ta zaci ba ni da lafiya."

Lura: waƙa ba kiɗa ba ta da ƙarshe, domin babu mai gaya wa mawaƙi an gama.

7. Kada ka yi ƙoƙarin cire ta

Nulfo ya lallaɓa zai goge manhajar, ya ji numfashin matarsa a ƙeyarsa.

"Gyaran Murya, ko? Ni ka mayar sakarya?"

"Yi haƙuri, yanzu zan cire."

"Cire ka gani. Tun jana'iza bai cinye kwanonsa ba sai makon nan. In ya ce ta daina kula shi, ka nemi wurin kwana a tashar mota. Matsa, rubuta masa ya sha maganin hawan jininsa."

Yanzu kullum Nulfo yana dawowa daga aiki ya zauna ya rubuta saƙon surukarsa, Wening tana tsaye a kansa tana gyara masa zagi: "Ita 'tsohon banza' take cewa, ba 'dattijo' ba." Tatay yana shan magani, ya rage giyar kwakwa, har ya yi ƙiba. Ƙarfinsa ya dawo, muryarsa ta ninka.

Gargaɗi

Ni kashe kwamfuta na yi maka alkawari, kuma ta mutu. Kyandir, maƙwabta, da rashin barcinka ba su shafe ni ba. In ka wayi gari kai ne surukarka, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Nulfo ma da ya zo neman mafita ban buɗe ba, domin Tatay ya sa shi ya tambayi marigayiya ta kwamfutar ko ta yarda ya sayi babbar lasifika, kuma Wening ta ce ya rubuta cewa marigayiyar ta yarda.