Hanyar Malam a Hoton Sama

"Lafiya lau, sai kewar amarya. Ya ƙafa? Haƙoran nan biyu fa, suna nan ko sun bi 'yan'uwansu?"

"Suna nan daram. Da su zan ci ragon sunan ɗanka, in har ka samu mai kwasarka. Matsa can, warin rana kake."

Yelwa tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar zoɓo, yatsunta sun yi jawur, lokacin da jikanta Siddiku ya jingine mashin ɗinsa daga Gumel. Sunan marigayi mijinta ya ci, saboda haka bakinta bai taɓa kama sunan ba. Angona take ce masa, ran da ya ɓata mata rai kuma ya koma Mai Ƙafar Zalɓe. Ta kuwa san abin da ya kawo shi. Akwai 'yar hanya da ta tashi daga bayan gidanta ta ratsa gona, wadda mijin nata, Malam, ya bi safe da yamma har ƙarshen ransa. Da ya rasu sai ta sa aka toshe bakinta da ƙaya, ta ce saboda awaki ne. Gaskiyar magana, duk takun da ta ji a bayan ɗaki da sassafe sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka shi ne ya dawo. Mai unguwa da kansa ya roƙa a buɗe, ta ƙi.

"Ina tsarabata?" in ji ta.

"Ni ne tsarabar. Miji sukutum ya zo, kina cigiyar goro?"

"Wane mijin? An ce an gan ka a hanyar Gagarawa da gajeren wando kana sheƙa gudu, ba kare a bayanka ba kura. Mu dai mun san in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Kai kuwa sa gudu bai zo ba, ka tashi ka tafi nemansa."

"Motsa jiki ake ce masa, tsohuwa."

"Ga fartanya can a jingine, ita ma tana motsa jiki."

"Ke dai kishi kike, 'yan mata suna kallona." Ya gyara zama, ya ɗebi zoɓo yana taya ta, abin da ba ya yi sai da dalili. "Ranar Asabar abokan guduna za su zo daga Gumel da Maigatari. Ni aka ɗora wa fitar da hanya. So nake mu tashi daga nan, mu ratsa gonarki, mu faɗa burtalin shanu..."

"A'a."

"Ban gama ba."

"Na gama maka."

"In ba ta nan ba sai bakin titi, mu da manyan motoci. So kike a mayar da angonki kilishi?"

"Wa zai ci kilishin zalɓe? Ƙaya tana nan inda take. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Rimi? Ai mun wuce rimi tuntuni. Sa tabaranki ki ga inda muka hau."

Ta ɗauko tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, don kawai ta samu abin kushewa. Ya miƙo mata waya.

"Wannan ai tsohuwar tabarma ce da kaji suka ɓata."

"Ɗanzomo ce, garin nan da kike zaune."

"Ƙarya fure take."

Sai ya ɗora yatsu biyu a fuskar wayar ya buɗa su. Ƙasa ta taso mata. Ɗigo-ɗigon nan suka zama rufin kwano, suka zama bishiyoyi, kowacce da inuwarta kwance a gefe. Yelwa ta ji jiri, ta damƙe wuyan hannunsa har ta shafa masa jan zoɓo.

"La'ilaha illallahu! Tsaya, kar ka yar da ni. Wa ya hau can ya ɗauko wannan?"

"Ba wanda ya hau. Tauraron ɗan'adam ne, na'ura ce da aka harba sama, tana zaga duniya tana ɗaukar hoto. Mu kuma da manhajar gudu muke buɗe hoton, in ja layi da yatsa inda za mu bi, kowa ya gani a wayarsa, ba mai ɓata a daji. Ga masallaci. Ga rijiyar unguwa. Waɗannan kamar fayafai, rumbunanki ne."

"Rumbunana! Allah mai iko. An ce na zaune bai ga gari ba, yau ga ni a zaune ga gari a tafin hannuna. Ashe haka shaho yake ganinmu? Mu da muke ta hura hanci, ashe ko ƙwayar gero ba mu kai ba." Sai ta zabura. "Kai! Makewayi fa? Nan ma suna leƙawa?"

"Wa zai harba na'ura sama don ya kalle ki?"

"Kakanka ya sha taka rairayi tun daga nan har garinmu don ya kalle ni, ɗan nema, kuma bai ce ya gaji ba. To ni ina nake a ciki?"

"Kina ɗaki kina ɓoyon goro."

Idonta ya sauka a kan wani siririn farin layi da ya fito daga bayan gidan, ya ratsa gona kamar tsagar kitso.

"Wannan kai ka zana shi?"

"Nawa ja ne, ban ma ja shi ba tukuna. Wannan ƙafa ce ta zana. Hoton ya kwana biyu, tun Malam yana da rai aka ɗauka." Muryarsa ta sauka. "Hanyarsa ce."

Yelwa ta matso da wayar har ta kusa taɓa hancinta. Mutumin da ko hoton fuskarsa ba ta da shi, wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba sai gona da masallaci da kasuwa, ashe ƙafarsa ta yi rubutun da ake karantawa daga sama. Tsigar jikinta ta tashi. Kewa ta cika mata ƙirji, tare da wani irin alfahari da ba ta san inda za ta sa shi ba.

"Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai," in ji Siddiku. "Nan hanyar ta miƙe sarai, sai ta karkace zuwa wannan bishiyar, ta dawo. Ko tsohon naki barci yake a tafe?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Magarya ce. Ita yake biyawa ya tsinko min, ya zubo a hula. Ko ba lokacinta ba ne sai ya biya ya duba, wai kar ta nuna bai sani ba." Ta share ido da bayan hannu. "Miji ke nan. Ba irin wanda zai zo hannu rabbana ya ce shi ne tsaraba ba."

"Na karɓi wannan."

"Kullum in na so zan iya ganinta?"

"Wannan zan adana miki a waya. Amma su sukan sake hoton lokaci-lokaci, kuma abin da ke ƙasa shi suke ɗauka. Ɗazu na leƙa ta kan ƙayar, Kaka. Ciyawa ta cinye ta, da ƙyar na gane bakinta."

Rabon da ya kira ta Kaka har ta manta. Ta dubi bayan ɗaki, inda ƙayar take. Ita da ta ɗauka gadin hanyar take yi, ashe da hannunta take binne ta.

"Ku nawa ne, mahaukatan?"

"Za mu cika tsakar gidan nan."

"Dukansu irin ƙafarka gare su?"

"Tawa ce mai dama-dama."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatu.

"To ka yi galaba, Angona. Gatari yana bayan rumbu, je ka janye ƙayar tun kafin in sake shawara. Wannan zoɓon naku ne, zan jiƙa muku tulu guda da citta, ku sha in kun gama haukan. Amma layin nan naka ja, ka ɗora shi daidai kan farin, har magaryar. Wanda ya yanke, ba shi ba zoɓo."

"An gama, amarya."

Ya miƙe ya nufi rumbu. Ta ɗaga murya ta bi shi da ita.

"Kuma ka gaya musu su taka da ƙarfi! In mai hoton nan ya sake biyowa ta kanmu, so nake ya tarar da ita fes."