Lemar Alhaji Mudassiru

Duk wanda ya ce bai san Alhaji Mudassiru ba a tsakanin Kura da Bunkure, to baƙo ne, a yi masa uzuri. Shi ne mutum na farko a unguwarsu da ya buɗe ajiya a banki, kuma saboda kirkinsa bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Ranar da ya buɗe ajiyar aka ba shi kyautar lema mai sunan bankin a jiki. Tun daga nan, ko rana ko hadari, ba ya fita sai da ita. Masu tumatir na bakin kanal ɗin noman rani suka laƙaba masa Manajan Ƙarƙashin Lema. Shi kuma ya ɗauka sarauta ce, har yana ɗaga hannu.

Da yamma yakan zauna a teburin mai shayi ya ilmantar da jama'a kyauta. "Ku kuna kai kuɗi da rani, ku kwashe da damina, kamar masu ɗiban ruwa a kanal," in ji shi. "Ni tun da na zuba nawa ban sake waiwayarsu ba. Suna can a sanyi suna hutawa."

Da wannan wa'azi ya ja Zuliha, matar marigayi yayansa, ta fasa asusunta ta kai banki. Zuliha turara shinkafa take yi. Da an fara girbi sai ta sayi ɗanya tun tana araha, ta turara, ta shanya, ta kai inji, da haka take ciyar da gidanta har shekara ta zagayo. In girbi ya wuce ba ta saya ba, to shekarar ta wuce ta.

Sai ga shekarar da bankuna suka haɗe. Bankin Alhaji ya shiga cikin wani, suna ya canza, dokoki suka canza. Aka ce kowace ajiya sai an bar wani abu a ƙasanta da ba a taɓawa, kuma masu ƙananan ajiya a waje za su riƙa jira har a kira su. Alhaji ya yaba ƙwarai. "Ci gaba ke nan," ya gaya wa mai shayi. "Dā har mai warin albasa sai ya zauna kusa da mutum a kujerar banki."

Zuliha ta je ɗaukar kuɗinta ana tsakiyar girbi. Aka ce abin da za a bari a ƙasa ya kusa cinye abin da ke sama. Ta dawo ta tarar da shi a zaure yana goge lema.

"Maigida ƙarami, ka ce kuɗi na haihuwa a banki. To nawa ko goyon ba a ba ni ba. Ga shinkafa tana tsada kullum."

"Yaya Zuliha, matsalarki ba ki san mutane ba. Manajan nan sai ya miƙe in na shiga. Gobe ki shirya."

Da safe ya saka babbar riga, ya rataya damin makullai wanda rabinsu shi kansa bai san ƙofarsu ba, ya riƙe wayoyi biyu, ɗaya ma tana kira. A motar Kano ya ƙi zama baya, wai ba a sa mai ajiya kusa da kwandon tumatir.

Bankin nan ya yi sabuwar ƙofa ta gilashi, wadda mutum ke shiga ta rufe shi, in ta ji ƙarfe a jikinsa ta yi magana ta mayar da shi. Alhaji ya shiga da ƙasaita. Ƙofa ta yi turancinta ta tofo shi. Ya waiga ya ce wa Zuliha gaisuwa ce. Mai gadi ya karɓi makullai, ta sake tofo shi. Aka karɓi wayoyi, aka karɓi zobe, aka karɓi lema da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. Da ya samu shiga, hularsa ta karkace, rigar ta jiƙe da gumi. Zuliha kuwa, mayafi da silifa, ƙofa ko tari ba ta yi mata ba.

Manaja bai miƙe ba, don an canza shi tun bara. Wata ma'aikaciya ce ta saurare su. Ta ce in Hajiya tana son kuɗinta duka, sai ta rufe ajiyar, a cire ladan rufewa.

Alhaji ya yi murmushin manya. "Yarinya, ba sai an kai ga haka ba. Ki ɗiba daga tawa ki cike mata. Mudassiru ne, na Kura."

Ta danna na'ura, ta daɗe tana kallo, ta sake tambayar sunan. Sannan ta rage murya, abin da ya sa duk na kusa suka ƙara kasa kunne. Ta ce ajiyar da aka daɗe ba a taɓa ba barci take yi, tana barcin kuma ana cire kuɗin kula da ita wata-wata. Tasa ta yi barci har ta ƙare, an rufe ta.

"A sake dubawa," in ji Alhaji.

"Baba, na duba. Ka ɗan jira a waje, nan na masu ajiya ne."

Zuliha ta dangwala yatsa ta rufe tata, aka ce ita ma ta jira a waje har a kira ta. Suka tarar da layi ya miƙe a rana: 'yan fansho, masu kayan miya, wani Bafulatani da ya sayar da sa. Ba rumfa, ba benci. Mai gadi ya mayar wa Alhaji kayansa.

"Maigida ƙarami," in ji Zuliha, "buɗe mana lemar nan. Ai ka ga ita ba ta yi barci ba."

Ya buɗe. Tsofaffi biyu suka matso ciki, suna sa masa albarka. Wani ɗan fansho ya tambaye shi ko bankin ne ya ɗauke shi aikin, kuma nawa ake biya.

Bayan azahar Zuliha ta karɓi kuɗinta, an gutsure su, amma sun isa ta sayi shinkafa kafin kasuwar Bunkure ta tashi da tsada. Ita ta biya masa kuɗin mota, a kujerar baya, kusa da kwando.

Da yamma Alhaji ya shaida wa teburin mai shayi cewa ya janye hulɗarsa da bankin, don sabbin shugabannin ba su san darajar mutane ba. Jama'a suka jinjina masa. Lemar kuwa har yau tana aiki. In ka bi ta bakin kanal za ka gan ta a kafe a tsakiyar shanyar Zuliha, an ɗaura mata tsumma, tana korar tsuntsaye.