An Sare Magarya Don a Koya Mana Amfanin Magarya

Jiya da hantsi maiɗakina Iklima ta miƙo mini leda, ta ce in biya filin bayan masallacinmu na Ƙofar Guga in tsinko ganyen magarya, za ta kai wa Rakiya a wanke mata kai. Ni ba na musu da aike. Na tafi, na tsaya inda na saba tsayawa, na ɗaga hannu sama, sai na ji rana ta dafa mini ƙeya. Babu magarya. Kututture ne kawai, an shafa masa farin fenti don kada baƙi su yi tuntuɓe.

Ga wanda bai san Rakiya ba, ita ce mai kitson unguwarmu, kuma tun rasuwar mijinta da kawunan mata take ciyar da gidanta. Duk wadda man kanti mai miƙar da gashi ya cinye wa gaban goshi, wurinta take zuwa, ta ja hijabi har gira. Rakiya takan shanya ganyen magarya a inuwa, ta daka, ta tankaɗe, ta wanke kai da kumfarsa. Sai ta bi da yauƙin karkashi ta warware inda ya cukurkuɗe, ta rufe da man kaɗe. A hankali gashi ya dawo da murɗinsa na asali, ya cika, ya yi tsawo har ya riƙa karya mataji. Na san haka ne domin ni ke sayen mataji a gidanmu.

Ina tsaye riƙe da leda sai ga maƙwabcina Badamasi tela. Muka gaisa, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce, "Malam, iska ka zo tsinka?"

Na ce, "Wa ya sare ta?"

Ya nuna mini rumfuna da kujeru jere a filin. "An ce ƙayarta na iya kama babbar rigar Mai Girma. Karanta ƙyallen can, kai da ka yi boko."

Bokon nan da furfura na same shi, don haka ba na yi masa gaggawa. Na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: taron ƙaddamar da shirin koya wa mata gyaran gashi da itatuwan gida. Na sake karantawa, ko idona ne. Ba idona ba ne. Sai na sami kujera a can baya na zauna, tunda sauraro ba ya ba ni wahala.

An kawo mata cike da motoci, sanye da anko, babu fuska ɗaya da na sani. Matan unguwa kuwa ta zaure suke leƙe. Bayan azahar Mai Girma Sarkin Almakashi, Uban Ƙaddamarwa, ya iso da jiniya. Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan gashi, duk da dai tunda nake ganin hotonsa ban taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin hularsa ba. Ya ɗaga wata kwalba da aka yi odarta daga waje, ya ce garin ganyen magarya ne, itace mai daraja da ya kamata mu fara sani. Yana faɗar haka ƙafarsa ɗaya na kan kututturen.

Aka raba wa baƙi na'urar busar da gashi. Badamasi ya raɗa mini, "Ai gara su. Mu da rabonmu da wuta tun azumi, hurawa za mu yi da baki."

Kada a ce ba na yabo. Mai Girma ya durƙusa da kansa ya dasa ɗan dashen magarya, ya zuba masa ruwan gora, aka yi hoto, aka yi guɗa. Zuciyata har ta fara sanyi. Jiniya na tashi sai wani mai kwat ya dawo, ya tone dashen, ya mayar da shi cikin ledarsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?"

Ya ce, "Baba, mutanen unguwar Kambarawa na jiran shi da la'asar, can ma za a dasa shi."

Wannan tattali ne da ya kamata a koya a makarantu. Itace ɗaya zai wadaci gari guda.

Da yamma na tarar da Rakiya a tsakar gidanmu, ita da Iklima suna tsige ganye daga 'yan rassan magaryar da masu dafa wa baƙi shinkafa suka rage ba su ƙona ba.

Ta ce, "Malam, in wannan ya ƙare da mi zan wanke kan mutane? Ta daji anka bari, kuma wa ke shiga daji yanzu?"

Ana cikin haka Badamasi ya yi sallama daga zaure, ya ce Liman ya aiko a ɗiba masa, domin da ganyen nan ake wankan gawa, shi ma yau ya wayi gari ba shi da inda zai tsinka.

Rakiya ta raba tulin ganyen biyu, ta ware wa Liman rabi. Sannan ta damƙi wani daga kasonta, ta ƙulle a leda daban, ta miƙo mini.

"A ba Liman ya ajiye wannan. Na Mai Girma ne. Allah ya ja kwanansa, amma ranar da zai buƙata kada a ce mutanen Ƙofar Guga ba su da kara."

Na kai saƙon. Na kuma roƙi Liman ya ɓoye shi da kyau, kada a ji labari a zo ƙaddamar da shi.