Fitilar da Ta Tara Min Jama'a

Da muka tare a sabon gidanmu na Kurudu, na sayo fitilar waje mai sola, wadda ke haskawa ta yi jiniya da zarar ta ga motsi. Matata ta ce, "Baban Amira, kira mai gyaran wuta mana." Na ce, "Ɗaurawa ce kawai fa, ni ma injiniya ne yau."

Bayan magariba na hau katanga, na ɗaura ta, na haɗa ta da wayata ta hannu, don in riƙa kashe jiniyar daga can. Ina juyowa na shure tsani, wayar ta bi shi ƙasa. Fitilar ta dalle ni, jiniya ta ɓarke.

Sai ga 'yan banga da gorori. "Ɓarawo! Ga shi can!"

Na ɗaga hannu ina salati. "Oga, wallahi gidana ne!"

"Kowa haka yake faɗa," in ji ɗayansu, yana laluben dutse.

Matata ta fito, ta ƙare min kallo, sannan ta ce, "Nawa ne. Ku sauko min da shi a hankali."

Har yau in na shiga masallacin unguwa, maƙwabta sai su dafe aljihu suna dariya.