Ranar da Aka Koya wa Allon Jirgi Ladabi

Duk wanda bai san Alhaji Lirwanu ba, to bai taɓa bin hanyar Bodinga zuwa Shagari ba, domin ga hotonsa nan a bakin titi, ya ɗaga haɓa yana duban gajimare. Shi ne shugaban Kwamitin Korar Jan-baki na manoman yankin. Tun ranar da kwamitin ya samu wani tsohon ƙaramin jirgin feshi ya daina amsa Alhaji, sai Kyaftin. Bai taɓa tashi sama ba, amma wannan ƙaramar magana ce ga mutumin da Allah ya ba ilimin jirgi tun daga ƙasa. Mu dai Sarkin Sama muke ce masa, shi kuwa ya ɗauka naɗi ne.

Bana gero ya yi kyau a Danchadi, ya fara ƙwaya ke nan sai tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi suka sauka a fadama, garke guda kamar hayaƙi. Bawa, mai gona ɗaya da iyali tara, ya zo ya durƙusa gaban Kyaftin.

"Ranka shi daɗe, in anka yi kwana bakwai ba heshi, ba mu da abin kai wa rumbu."

"Bawa, kai ka san gero, ni na san sama," in ji Kyaftin. "Jirginmu ba ya tashi da agogon zamanin Turawa. Sai an sa mai allon zamani, wanda ka hwaɗin lahiyar inji tun daga hanji."

A nan kam, ko da kuskure ne, ya yi gaskiya. Tsofaffin agogunan gaban matuƙi allurarsu wuri ɗaya take nunawa, ko injin na aiki ko yana kashe, tamkar 'yan kwamitinsa. Injiniya Rashida ta zo daga Sakkwato, cikin kwana biyu ta cire su ta ɗaura allo mai nuna zafin kowace silinda da ƙarfin mai. Ta nemi a gwada injin nan take. Kyaftin ya hana, wai ba a kunna abin tarihi sai gaban shaidu. Aka jira tela ya gama masa farar riga mai igiyar zinariya a kafaɗa, kwana huɗu cur. A kwanakin nan Bawa da iyalinsa suna gona tun asuba, suna dukan gwangwani suna ihun korar tsuntsaye har muryarsu ta dushe.

Ranar buki aka kafa rumfa a filin da jirgin yake. Ga manyan baƙi, ga makaɗa, ga maroƙi. Kyaftin ya kama lasifika.

"Yau Bodinga ta shiga sahun duniya! Wanga allo ba ya ƙarya, ba ya jin kunyar kowa. Awa ni, halinmu guda!"

Matuƙin jirgin, Ubaidullahi, ya tayar da inji. Allo ya kawo haske, lambobi kore shar, aka yi ta tafi. Can sai layi ɗaya ya fara hawa, ya hau, ya koma ja wur, allon ya shiga ƙara ƙit-ƙit. Rashida ta sunkuya ta gaya wa Kyaftin silinda ta uku na zafi fiye da ƙima, tsofaffin agogunan ne suka daɗe suna rufa mata asiri. Gyaran kwana biyu ne, in an fara yau.

Idon Kyaftin ya yi ja ya fi na allon.

"Gaban baƙina? Ko ɗan da ni haihwa ba ya hwaɗa mini ja gaban mutane! Wanga allo ba shi da tarbiyya. Ki koya mai ladabi."

Ta ce aikinta bai kai nan ba. To, babban mutum ba ya rasa dabara. Ya sa aka kawo koren salatif, ya liƙe jan layin da hannunsa mai albarka, ya yi wa makaɗa alama su ƙara ƙarfi don su danne ƙarar. Ya juyo ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, inji ya samu lahiya!"

Ubaidullahi ya cire hula, ya russuna.

"Allah shi ba Kyaftin nasara. Tunda inji ya warke, kujera ta biyu taka ta. Babba ka buɗe hanya."

Fili ya ɗauki sowa, maroƙi ya dage yana kiran Sarkin Sama. Kyaftin ya ɗora ƙafa ɗaya a matakalar jirgin, ɗayar ta ƙi biyo ta. Ya daɗe a haka, gumi na bin igiyar zinariya. Na gan shi da idona ya miƙa farce ya ɗaga gefen salatif ɗin, ya leƙa, ya mayar. Sannan ya sauko ya sanar cewa a iliminsa na sama, iskar yau ba ta dace da manya ba. Nan take ya kafa ƙaramin kwamiti ya binciko wanda ya zuga allon. Sai da kwamitin ya yi kwana tara yana zama kafin a yarda Rashida ta taɓa injin.

Na je gonar Bawa a ranar da aka gama gyaran. Zangarniya na tsaye reras, ba ƙwaya ko ɗaya a jikinta. Wallahi raina ya ɓaci. Muna tsaye sai ga motar kwamiti ta biyo hanya da lasifika, muryar Kyaftin na tashi:

"Albishirinku manoma! Albarkacin allon zamani, ko tsuntsu guda bai rage ƙasar Danchadi ba, kuma ko ɗigon magani ba mu ɓata ba!"

Bawa ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin.

"Gaskiya yah hwaɗi," ya ce. "Mi za su tsaya ci?"